Rangwamen Haraji Bisa Kuɗin Ƙarin Awa na 'Yan Sanda da 'Yan Kwana-Kwana a Amurka

Ran 4 ga watan Yuli, 2025, watau ranar da Amurkawa su ke bikin samun mulkin kansu, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a wata doguwar doka ta haraji da kashe kuɗin gwamnati, wadda ya laƙaba wa suna One Big Beautiful Bill. Da ƙyar ta ƙetare Majalisa. A Majalisar Dattawa ƙuri'a ta yi kunnen doki, 50 da 50, sai da Mataimakin Shugaban Ƙasa J. D. Vance ya jefa tasa ya raba gardama. A Majalisar Wakilai kuwa 218 suka yarda, 214 suka ƙi. Cikin sassan dokar akwai wani ɗan gajere wanda ya fi yawancin sauran shiga bakin jama'a, shi ne wanda ya shafi ladan aikin da ma'aikaci ya yi bayan cikar awoyinsa na ƙa'ida, abin da ma'aikata su ke kira obataim. Tun watan Satumba na 2024, a wani taron neman zaɓe a garin Tuson na Jihar Arizona, Trump ya yi alkawarin zai ɗauke wa wannan kuɗi haraji, 'yan sanda kuwa suna cikin waɗanda ya ambata za su amfana.

Ba mamaki a ambace su. Ɗan sanda ba ya barin wurin da aka yi kisa don agogo ya buga, ɗan kwana-kwana kuma ba ya naɗe tiyo ya tafi gida wuta tana ci. Kuɗin ƙarin awa babban kashi ne na abin da da yawansu su ke ci da iyali. Amma kuma cikin dukan ma'aikatan Amurka da wuya a sami waɗanda lissafin wannan rangwame ya fi rikitar wa kamar waɗannan biyu. Dalili kuwa shi ne sabuwar dokar ba ta yi wa "ƙarin awa" ma'ana ta kanta ba. Aro ta yi daga wata tsohuwar doka ta 1938, wadda ta keɓe wa 'yan sanda da 'yan kwana-kwana ma'auni dabam da na sauran mutane.

Yadda a ke karɓar harajin

Harajin da a ke magana a kansa shi ne harajin samu na Gwamnatin Tarayya, wanda a ke yanka wa mutum gwargwadon abin da ya samu cikin shekara. Hukumar da ke karɓarsa ita a ke kira IRS. Mai ba da aiki ya kan tsakuri wani abu daga kowane albashi ya aika wa hukumar. In shekara ta ƙare, sai ma'aikaci ya cika takardar lissafi kafin tsakiyar watan Afrilu ya wuce, ya nuna abin da ya samu da abin da aka riga aka tsakura. In an karɓi fiye da kima a mayar masa, in bai kai ba ya cika.

Harajin kuwa hawa-hawa ne, hawa 7: kashi 10 cikin 100, da 12, da 22, da 24, da 32, da 35, da 37. Kowane hawa yana cin kuɗin da ya faɗa cikinsa ne kaɗai. Kafin a soma wannan lissafi doka ta yarda a ɗebe waɗansu kuɗi daga jimlar samun mutum, a yi kamar bai same su ba, sa'an nan a yanka haraji bisa abin da ya rage. Rangwamen ƙarin awa irin wannan ɗiba ne. Sabo da haka in aka ce an ɗebe wa mutum dala 1,000, abin da ya shiga aljihunsa shi ne harajin da dā zai biya bisa dala 1,000 ɗin: dala 120 in yana hawan kashi 12, dala 220 in yana hawan kashi 22. Wanda samunsa bai kai a karɓi haraji daga gare shi ba, ba abin da ɗibar za ta ƙara masa.

Sharuɗɗan dokar ba su da yawa. Tana aiki shekara 4, daga 2025 zuwa ƙarshen 2028. Iyakar abin da a ke ɗebe wa mutum guda dala 12,500 ne a shekara, miji da mata masu cika takarda ɗaya kuwa dala 25,000. Mai aure ba ya samu sai ya haɗa takarda da matarsa, ko mace da mijinta. Wajibi ne mutum ya kasance yana da lambar rajistar ma'aikata ta tarayya. Sa'an nan ga sharaɗin da kome ya rataya a kansa: abin da za a ɗebe shi ne kuɗin da sashe na 7 na Dokar Ƙa'idojin Ƙwadago ta 1938 ya wajabta a biya, wanda kuma ya ɗara ladan awa na kullum.

Dokar 1938 da yadda ta iso ga ma'aikatan hukuma

Shugaba Franklin Roosevelt ne ya sa hannu a wannan doka cikin watan Yuni na 1938, lokacin da ƙasar ta ke fama da karyewar arziki, miliyoyin mutane suna yawo ba aiki. Ta yanka mafi ƙanƙancin lada, ta hana aikin yara a masana'antu, ta kuma sa wa makon aiki haddi: awa 44 da fari, 42 a 1939, sa'an nan 40 daga 1940. Ba ta hana a wuce haddin ba, sai dai ta ce duk awar da ta wuce, a biya ladanta ɗaya da rabi. Hikimar abin ita ce a sa aikin ƙari ya yi wa mai masana'anta tsada, har ya ga gara ya ɗauki sabon mutum da ya tsare tsohon ma'aikaci har dare. Watau rabin nan na bisa tara ce a wuyan mai ba da aiki, diyya ce kuma ga wanda aka gajiyar.

Da farko dokar ba ta shafi ma'aikatan jihohi da na birane ba, alhali kuwa a Amurka yawancin 'yan sanda da 'yan kwana-kwana na birane ne da gundumomi. A 1966 aka shigo da ma'aikatan makarantu da asibitocin hukuma, a 1974 aka shigo da kusan dukan sauran. Birane suka kai ƙara. A 1976, cikin shari'ar da a ke kira da sunan Usery, Sakataren Ƙwadago na lokacin, Kotun Ƙoli ta yanke da alƙalai 5 bisa 4 cewa Tarayya ba ta da ikon tsara wa jihohi ladan masu yi musu irin ayyukan da aka san hukuma da su tun asali, kamar tsaro da kashe gobara. Bayan shekara 9 aka koma wa maganar, cikin ƙarar da wani ma'aikacin motocin haya na birnin San Antoniyo mai suna Garcia ya ke ciki. A watan Fabrairu na 1985 Kotun ta warware hukuncinta na farko, da 5 bisa 4 kuma. Alƙali Harry Blackmun, wanda ya goyi bayan birane a 1976, shi ne ya sauya ra'ayi, shi ne kuma ya rubuta sabon hukuncin.

Hankalin masu riƙe da baitulmalin birane ya tashi ƙwarai, don sun ga nauyin da ke shirin hawa kansu. Kafin shekarar ta fita Majalisa ta sassauta musu: ta yarda hukumomi su biya ƙarin awa da hutu maimakon kuɗi, in an yi yarjejeniya, awa ɗaya da rabi na hutu bisa kowace awa ta ƙari. Ma'aikacin ofis yana iya tara awa 240 na irin wannan hutu, ɗan sanda da ɗan kwana-kwana kuwa har 480. Wani sassaucin kuma tun 1974 ya ke cikin doka, shi ne ƙaramin sashe na 7(k), wanda a wurinsa ne dukan rikicin lissafin ya samo asali.

Haddin da ya bambanta

Sashe na 7(k) ya ba hukuma izni ta bar ƙidayar mako-mako ga 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, ta tsai da zagayen aiki na kwana 7 zuwa 28. Cikin zagaye na kwana 28, ƙarin awa na ɗan sanda ba ya somawa sai ya wuce awa 171, na ɗan kwana-kwana kuwa sai ya wuce 212. In zagayen ya gaza haka a rage daidai gwargwado: a kwana 14, awa 86 ga ɗan sanda, 106 ga ɗan kwana-kwana, a kwana 7, awa 43 da 53. Masu gadin gidan yari ma'aunin 'yan sanda a ke yi musu. Ma'aikacin masana'anta a kwana 28 haddinsa awa 160 ne, kuma mako-mako a ke duba nasa. Ke nan ɗan sanda sai ya ba da awa 11 bisa na sauran mutane kafin doka ta ce ya shiga ƙari, ɗan kwana-kwana kuwa awa 52.

An kafa hujjar wannan bambanci bisa irin aikin. Ɗan kwana-kwana ya kan kwana a tasha, ya ci abinci a can, ya yi barci in ba a yi kira ba, ba a kuwa iya auna irin wannan zama da tsayuwar mai aiki gaban inji. Ko hujjar ta gamsar ko ba ta gamsar ba, ƙungiyoyin ƙwadagon waɗannan ma'aikata sun daɗe da samun hanyar kewaye ta. Da yawansu sun ƙulla yarjejeniya da biranensu cewa za a biya ɗaya da rabi da zarar mutum ya wuce awoyin da aka tsara masa, ko ya wuce 40 a mako, ko an kira shi ran hutunsa. Waɗansu har ninki biyu a ranakun bukukuwa. Shekara da shekaru ma'aikaci bai damu ya san wace awa ce dokar tarayya ta wajabta, wace ce kuma yarjejeniya ta ba shi ba, tun da kuɗin duka aljihu ɗaya su ke shiga, haraji ɗaya kuma a ke yanka musu. Dokar 2025 ita ce ta sa tilas a rarrabe.

Ga misali. A ɗauka akwai ɗan sanda mai ladan dala 40 a awa, a birnin da ke bin zagayen kwana 14, yarjejeniyarsu kuma ta ce a soma biyan ɗaya da rabi bayan awa 80. Cikin wani zagaye ya yi awa 100. A takardar albashinsa zai ga awa 20 na ƙari, kowace dala 60, jimla dala 1,200. In ya ɗauki taken dokar kamar yadda a ke shelarsa, sai ya zaci dukan dala 1,200 sun tsira daga haraji. To, da fari awa 6 da ke tsakanin 80 da 86 ba sa cikin lissafi, don yarjejeniya ce ta ba da ƙarinsu; saura awa 14. Na biyu, cikin dala 60 na kowace awa, dala 40 lada ne na kullum, ana yanka musu haraji kamar kowane albashi. Rabin bisa kaɗai a ke ɗebewa, watau dala 20, kamar gyaran da mai awo ya kan ɗora bayan mudu ya cika. Awa 14 sau dala 20 ya ba da dala 280. In yana hawan kashi 22, abin da ya tsira masa dala 61.60 ne, alhali da dukan kuɗin aka yafe da dala 264 zai gani.

Wannan ba abin rainawa ba ne in ya taru. In haka ya yi ta yi cikin zagaye 26 na shekara, za a ɗebe masa dala 7,280, harajinsa ya ragu da wajen dala 1,600. Amma a dubi maƙwabcinsa mai aikin walda a masana'anta, mai lada ɗaya da shi, wanda ya ke yin awa 50 kowane mako, watau daidai da awa 100 ɗin nan a mako 2. Shi dukan awa 20 ɗinsa suna shiga. A shekara za a ɗebe masa dala 10,400, harajinsa ya ragu da dala 2,288. Gumi ɗaya, lada ɗaya, amma mai walda ya ɗara ɗan sanda da kusan dala 700.

Na ɗan kwana-kwana ya fi wannan nisa. Tsarin da ya yaɗu a tashoshi da yawa shi ne mutum ya yi awa 24 a bakin aiki, ya huta 48, wanda in an baje shi ya kan kama awa 56 a mako. Hukumomi masu bin wannan tsari da dama su kan zaɓi zagayen kwana 27, don ya rabu daidai: kwana 9 na aiki, awa 216. Haddin doka a kwana 27 awa 204 ne. Ke nan mutumin da ke wuce ma'aikacin ofis da awa 16 kowane mako, awa 12 kaɗai doka ta ke ƙidaya masa cikin kusan wata guda, wajen 162 a shekara. In ladansa dala 30 ne a awa, rabin bisa dala 15 ne, ɗibarsa ta shekara dala 2,430, abin da zai tsira masa kuwa dala 535 a hawan kashi 22, ko dala 292 a hawan kashi 12. Waɗansu birane kuma su kan ba da ranar hutu ta musamman lokaci lokaci, wadda a ke kira ranar Kelly, don dai awoyin su sauko ƙasa da haddi. Inda a ke haka, aikin da aka tsara ba ya haifar da ɗiba ko kaɗan, sai dai na kiran gaggawa.

Akwai wani abu kuma da ya kan ɓace wa mutane. Dokar 1938 awoyin da aka yi aiki a cikinsu ta ke ƙidayawa, ban da hutun shekara da hutun rashin lafiya, ko da an biya su. A ce ɗan kwana-kwanan nan ya yi ciwo kwana ɗaya cikin zagaye, awoyinsa sun koma 192. Daga baya aka rasa mutum a tasha, aka kira shi ran hutunsa ya yi awa 24. Birni zai iya biyansa dukan awa 24 ɗaya da rabi bisa yarjejeniya, amma a idon dokar tarayya awa 216 ya yi, 12 kaɗai suka haura haddi. Haka kuma in yarjejeniya ta ce ɗan sandan da aka kira kotu ba da shaida ran hutunsa a biya shi ladan awa 4 ko da awa 1 ya yi, awa 1 ɗin ce ta ke shiga ƙidaya. Ranar da aka biya ninki biyu ma, rabin da doka ta wajabta shi ne iyakar ɗiba, sauran rabin kyautar yarjejeniya ce. Gadin da 'yan sanda su kan yi wa kamfanoni da filayen wasa don ra'in kansu bayan sun tashi aiki, shi ma doka ta ce ba a haɗa awoyinsa da na hukuma.

Wuri ɗaya ne ma'aunin tarayya ya kan fi alheri. Ladan awa na kullum, a ma'anar dokar 1938, ya haɗa da waɗansu ƙare-ƙare kamar kuɗin aikin dare da na daɗewa cikin aiki, sabo da haka rabin bisa ya kan ɗan fi rabin ladan da ke rubuce a takardar ɗauka. Kuma hukumar da ba ta tsai da zagaye irin na 7(k) ba, 'yan sandanta suna nan bisa awa 40 kamar kowa. Sai ya zama birane biyu maƙwabta, masu biyan albashi iri ɗaya, ma'aikatansu su sami rangwame dabam dabam sabo da wata shawara da aka yanke a ofishin ma'aji shekaru da yawa da suka wuce, ba da tunanin haraji ba.

Waɗanda ba su samu, da abin da ba a yafe ba

Fiye da rabin 'yan kwana-kwanan Amurka 'yan sa kai ne, musamman a ƙauyuka da ƙananan garuruwa. Ba su da albashi, balle ƙarin awa. Hukumar da 'yan sandanta ko 'yan kwana-kwananta ba su kai 5 ba, dokar 1938 ta ɗauke mata wajibcin biyan ƙari, don haka duk abin da ta biya ba ya cikin ɗiba. Manyan shugabanni masu aikin gudanarwa su ma suna waje, ko da ya ke ƙa'idar da Ma'aikatar Ƙwadago ta fitar a 2004 ta bayyana cewa wanda ainihin aikinsa bincike ne ko kamu ko kashe wuta, ba a fid da shi don girman muƙami kawai. Masu binciken laifi na tarayya, irin na FBI, waɗanda a ke ƙara wa kashi 25 bisa albashi don su zauna cikin shiri kullum, an riga an cire su daga dokar ƙarin awa.

Mai samu da yawa kuma rabonsa raguwa ya ke yi. In jimlar samun mutum ta wuce dala 150,000, ko 300,000 ga ma'aurata, ana zabge dala 100 daga ɗibarsa bisa kowace dala 1,000 da ta haura. Mai cikakkiyar ɗiba ta dala 12,500 zai rasa ta duka a dala 275,000. Wanda tasa dala 5,000 ce kuwa, tun a 200,000 ta ƙare. A manyan birane masu tsadar zama, inda albashi ya ke da kauri, ƙarin awar da ke kawo ɗiba ita ce kuma ke tura mutum ya haye wannan iyaka. Shi haddin dala 12,500 kuwa ba kowa ke kai masa ba: mai ladan dala 40 sai ya yi awa 625 bayan haddin doka, watau awa 12 kowane mako, shekara guda cur. In ya kai, dala 2,750 ce ribarsa a hawan kashi 22, ko 3,000 a hawan 24.

Sauran harajin da a ke tsakura daga albashi suna nan daram bisa dukan kuɗin ƙari: kashi 6.2 na asusun fanshon tarayya, ga waɗanda ke cikinsa, don 'yan sanda da 'yan kwana-kwana na waɗansu jihohi nasu asusun dabam ne. Da kashi 1.45 na asusun jiyyar tsofaffi. Harajin jiha kuma kowace jiha ita ke da ikon nata. Akwai jihohi 9 da ba sa yanka wa albashi haraji sam, cikinsu har da Tekzas da Fulorida.

Wahalar takarda

Da ya ke a tsakiyar 2025 aka kafa dokar, aka kuma ce ta soma aiki tun daga 1 ga Janairu na shekarar, ofisoshin albashi ba su shirya ba. IRS ta bar takardar shaidar albashi ta shekara, wadda a ke kira W-2, yadda ta ke a 2025, ta kuma ɗauke wa masu ba da aiki tara in ba su ware kuɗin ba a wannan shekara. A watan Nuwamba na 2025 ta fid da bayanin yadda ma'aikaci zai lissafa da kansa: in abin da ya sani shi ne jimlar kuɗin ƙarin da aka biya ɗaya da rabi, ya ɗauki sulusi, in ninki biyu ne, ya ɗauki rubu'i. Hutun da aka tara a madadin kuɗi ma, sa'ad da aka biya shi, sulusin kuɗin ke shiga. Daga lissafin 2026 aka ɗora wa masu ba da aiki su ware adadin su rubuta.

Dabarar sulusi tana da sauƙi ga mai walda. Ga ɗan sandan misalin nan kuwa tarko ce, don sulusin dala 1,200 dala 400 ne, alhali hakkinsa 280. In ya rubuta 400 ya faɗi fiye da gaskiya ba da saninsa ba, kuma shi hukuma za ta tambaya. Ba yadda zai san adadin daidai sai ya san tsawon zagayen hukumarsa, da ranar da kowane zagaye ya soma, da awoyin da ya yi aiki na hakika cikin kowanne. Wannan ilmi a hannun akawun albashi ya ke, wanda littattafansa an tsara su ne bisa yarjejeniya.

Abin da aka gani a waɗansu wurare

Amurka ba ita ta fara ba. Faransa ta yafe wa ƙarin awa haraji a 2007 zamanin Nicolas Sarkozy, aka soke a 2012 zamanin François Hollande, aka maido a 2019 zamanin Emmanuel Macron bayan zanga-zangar masu riguna ruwan ɗorawa. Masana tattalin arziki biyu, Pierre Cahuc da Stéphane Carcillo, sun bincika dokar 2007, suka tarar awoyin ƙari da a ke rubutawa sun ƙaru a wurin manyan ma'aikata masu halin sarrafa lissafinsu, amma awoyin da a ke aiki na hakika ba su ƙaru wani abin kirki ba. A cikin Amurka kanta Jihar Alabama ta yafe nata harajin bisa ƙarin awa daga Janairu 2024. Abin da baitulmalinta ya rasa ya ninka ƙiyasin farko sau da yawa, aka bar dokar ta ƙare a ƙarshen Yuni 2025. Taƙaita ɗibar tarayya ga rabin bisa, da ɗaure ta ga ma'anar 1938, ya rage irin wannan ɓaraka, duk da haka masu ƙiyasi na Majalisa sun ce za ta ci wajen dala biliyan 90. Sai dai igiyar da aka ɗaure ɓarakar da ita, ita ce ta fi shaƙe masu zagayen 7(k).

Akwai kuma saɓani tsakanin manufar dokokin biyu wanda ya kamata a lura da shi. Ta 1938 so ta ke aikin ƙari ya yi ƙaranci, ta 2025 kuwa daɗi ta ke ƙara masa a bakin ma'aikaci, ba tare da ta ƙara wa mai ba da aiki ko anini ba. Tun daga 2020 hukumomin 'yan sanda da yawa a Amurka suna kukan ƙarancin mutane, suna toshe giɓin da tilasta wa waɗanda ke nan su zarce bayan lokacin tashinsu. Ga birni, sau da yawa biyan ɗaya da rabi ya fi arha bisa ɗaukar sabon mutum, wanda sai an horar da shi, a biya masa inshorar lafiya, a tanadar masa fansho. Rangwamen yana rage wa ma'aikaci zafin wannan hali, yana kuma rage wa birni matsin da zai sa ya gyara shi. Mutumin da ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba, ga bindiga a ƙugu ko ga babbar motar ruwa a hannu, hatsarinsa ba a kansa kaɗai ya tsaya ba.

Ta wajen adalci kuma, malamin makaranta da ke gyaran takardun yara har dare ba ya cikin dokar ƙarin awa, haka mai aiki biyu a wurare biyu wanda awoyinsa suka kai 60 amma ba inda ya wuce 40. Su duka suna biyan cikakken haraji. Masu goyon bayan dokar su kan amsa da cewa wanda ya bar iyalinsa ran hutu don ya tsare gari ya cancanci a bambanta shi. In kuwa haka ne, ma'aunin da aka zaɓa bai bi wannan niyya sosai ba, tun da awa 13 na farko da ɗan kwana-kwana ya ke yi bayan 40 kowane mako ba sa cikin abin da aka bambanta.

Gyaran wannan yana hannun Majalisa, ko dai ta sauko da haddin 7(k), wanda zai ɗora wa birane nauyin da suka gudu tun 1985, ko ta yarda a ƙidaya ƙarin da yarjejeniya ta bayar, wanda zai ƙara wa baitulmalin Tarayya asara. Adadin dala 12,500 ba a ɗaure shi da hauhawar farashi ba, yadda ya ke a 2025 haka zai kasance a 2028. In Majalisa ba ta sabunta sashen ba, ran 31 ga Disamba, 2028 zai daina aiki, makonni kaɗan bayan zaɓen shugaban ƙasa na watan Nuwamba na wannan shekara.